Ni da Surukina a Tseren Amalanke

Shekarun baya, lokacin ina da ƙuruciya da baƙin doki da bakin da ba ya rabo da kawo shawara, na taɓa faɗawa wani rami da na haƙa da hannuna. Har yau in muka zauna da abokina sai ya tono zancen, ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Gara in ba ku labarin da bakina kafin ya ba ku nasa, don nasa ya sha gishiri.

Sana'ata a lokacin dakon kayan lambu ce. Ina da amalanke, ina ɗauko tumatir da albasa da kabeji daga garaken bakin tabkin Madarumfa in kai kasuwa ko tasha, wani lokaci har Maraɗi. Yawancin masu wannan aiki jaki suke ɗaurawa ko shanu. Mu masu doki ba mu da yawa, shi ya sa muke ɗan jin kanmu. Nawa akawal ne, baƙi wuluk, mai dogayen ƙafafu, ga zuciya. In ya hangi wani doki a gabansa, ba shi da sauran natsuwa sai ya bar shi a baya.

A shekarar nan ne matata ta haifi ɗanmu na fari. Kamar yadda aka saba, ta tafi wankan jego gidansu a Gabi. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, gwaggonta ce ta yi mata wankan, kuma ita ce auta a wurin mahaifinta. Arba'in ta zo ta wuce. Na gyara ɗaki, na sa aka yi sabon daɓe, na sayi turmin zane, na zauna jira. Shiru. Kawuna ya je gaisuwa ya ɗan taɓo zancen, surukina ya ce a bari yaron ya yi ƙwari. Ya koma, aka ce ana ruwa, hanya ba kyau. Ya sake komawa, aka ce a bari a gama girbi. Aka gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ni dai ban ga mata ba.

Kun san suruki ba abokin cacar baki ba ne. Ko idonsa ba na iya kallo, balle in buɗe baki in ce ya ba ni matata. Ga kuma kunyar ɗan fari, ko sunan yaron ba na kamawa a gaban mutane. In na je Gabi sai in tuɓe takalma a waje, in tsuguna a zaure in gaishe shi, ina jin kukan yaron daga cikin gida, in yi kamar ban san na wane ne ba. Gaskiya kewa ta ci ni a watannin nan. Mu dai sai waya, ita ma a ɓoye take amsawa, a bayan rumbu.

Cikin wannan zaman gwauranci ne na samo abin da ya ja mini. Akwai wani shago a Maraɗi kusa da inda nake sauke kaya, mai tele, wato talabijin, kullum ana nuna tseren dawakin Faransa. Masu caca ne ke cika wurin. Ni ko dala ban taɓa sakawa ba, dawakin nake kallo. Ba hawa ake yi ba, wani ɗan amalanke ne mai taya biyu sirara kamar na keke, direban ya zauna ya ware ƙafafu, wutsiyar doki tana sharar fuskarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki dokar tseren: sassarfa kawai ake yi. Duk dokin da ya ɓalle da sukuwa an fitar da shi, ko da shi ne a gaba. 'Yan shagon kuwa sun san tarihin kowane doki kamar a gidansu aka haife shi. Wannan shi ya zo na fari wancan karon, wancan ba ya son jiƙaƙƙiyar ƙasa, direban wancan hannunsa da sanyi. Mutumin da bai taɓa ba doki dusa ba sai ka ji yana rantsuwa a kan lafiyar ƙafar wani doki da ke can bayan teku.

Na dawo fadarmu da yamma, ana shayi, na ce mu ma ai muna da dawaki da amalanke, me zai hana mu yi namu? Da na kai ga dokar, sai wani ya ajiye kofinsa.

"Tsaya. Tsere ne, amma an hana gudu?"

Na ce an hana sukuwa dai.

"To mi za a yi, hira?"

Aka yi ta dariya. Ni kuwa in na kafe, na kafe. Na ce sakin doki ai ko yaro ya iya, gwaninta tana ga riƙe shi yana son tashi. Na yi ta zuba har suka yarda, ina jin don su huta da ni ne. Wani dillalin kifi ya ji labari ya ce ya ba da rago ga wanda ya ci. Aka zaɓi wani fako mai tsawo a gefen tabki, a tashi daga gindin wata tsamiya a ƙare inda masunta ke shanya koma. Abokina mai moto, wato babur, aka naɗa alƙali, zai bi mu a gefe da jan ƙyalle, duk wanda dokinsa ya yi sukuwa ya ɗaga masa. Ni na horar da shi da kaina. Na kama kafaɗarsa na ce, "Ko ubanka ne ya yi sukuwa, ka ɗaga mishi ja." Ya rantse zai yi.

Kafin ranar, fadarmu ta koma irin shagon nan na Maraɗi. Kowa ya zama masani. Kilin dokin mutumin Safo an ce yana da sauri amma yana tsoron ruwa, in ya ga tabki zai karkace. Dokin mai dakon bulo an ce tun da ya ci waken wani ya kumbura bai koma daidai ba. Na wani kuma an ce in ya ji ƙanshin ƙosai sai ya tsaya. Da aka zo kan akawalina sai kowa ya yi shiru, don an san babu na biyunsa. Ni har na fara tunanin inda zan ɗaure ragon.

Ranar tsere, bayan la'asar, fakon nan ya cika. Masunta sun bar jirage, 'yan garake sun bar ban ruwa, mata sun jeru a inuwa. Ina duƙe ina ɗaure wa akawal igiyar ciki sai na ji wurin ya ɗauki sowa. Na ɗago, na ga wani amalanke yana shigowa, jan doki mai furfura a baki yana janye da shi. A kai wani dattijo ne zaune ɗas, ya naɗe hannun riga, bulala a kafaɗa.

Surukina ne.

Ashe labari ya kai Gabi. Na san an ce a zamaninsa ba a taɓa wuce shi a sukuwa ba, tun daga Gabi har bakin iyaka, amma na ɗauka zance ne irin na tsofaffi. Ban taɓa kawowa a raina zai zo ba. Na yar da igiya, na tuɓe takalma, na tsuguna a tsakiyar fili ina gaishe shi, jama'a na kallo. Ya amsa yana duban ƙafafun dokina. Sannan ya tambayi abokina dokar, aka faɗa masa. Ya yi wani ɗan tsaki ya ce, "To, mun ji. Tseren masu tsoron hwaɗuwa."

Na ja kawuna gefe na ce zan janye. Ya ce, "Kai yaro, ba ka da hankali? In ka janye, ka ce ke nan ba ka tsere da tsoho, ka raina shi. In kuma ka wuce shi gaban mutane, ka zubar mishi da girma. Ka shiga, ka bi bayanshi, kada hancin dokinka ya wuce tayarshi."

Ina tsaye ina juya maganar sai wayata ta yi ƙara. Matata ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba ya iso?"

Na ce ya iso, me ya sa ba ta gaya mini ba?

"Ni ma sai da ya ɗaura doki na sani. Tun asuba shi ke wanke shi. Ka ji ni da kyau, in ka wuce Baba, ka wuce ni. Sai yaron ga ya yi gemu a Gabi."

Ta kashe. Shi ke nan, na yafe rago. Na kudurta a raina yau ko kunkuru ne a gabana ba zan wuce shi ba, muddin surukina ne a kansa.

Aka jera mu a gindin tsamiya. Abokina ya buga usur. Jama'a, dokar da na kwana ina koyarwa ko numfashi biyu ba ta yi ba. Masu kallo suka kwarma ihu, dawaki suka ɗauka ranar Salla ce, duk suka ɓalle da sukuwa. Mutumin Safo har miƙewa ya yi tsaye a kan amalanke yana kirari. Abokina ya bi su a moto yana ɗaga ja, wannan ja, wancan ja, ba wanda ya ko waiwaye shi. Kafin ka ce kwabo sun yi nisa.

Aka bar mu mu biyu. Tsohon nan, in faɗi gaskiya, ya iya hannu. Ya riƙe jan dokinsa a sassarfa tsaf, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ko gezau. Sai dai dokin ya tsufa, sassarfar tasa ba ta fi saurin mai zuwa masallaci an tada iƙama ba. Akawal kuwa ya ga doki a gabansa. Ya miƙe wuya, ya ja, na ja. Ya ja, na naɗe linzami a hannu biyu na kwanta baya har ƙeyata ta kusa taɓa katako. Kumfa na zuba daga bakinsa, ni gumi na zuba daga nawa goshin. Ya kai hancinsa daidai bayan surukina yana huci, ina ganin iskar tana kaɗa wuyan rigar dattijon.

Sai ya waiwayo. Na sunkuyar da kai. Kun taɓa ganin mai tuƙin amalanke a tsere yana kallon ƙasa? Ya matsa gefe, ya yi mini nuni da bulala in wuce. Na ƙara ja. Ya rage sauri, na rage. Ya ƙara ragewa, na ƙara. Muka koma tafiyar rakiyar amarya. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta bi gefenmu a ƙasa, ta wuce mu.

Fili ya kaure da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ku sauko ku tura!" Wani ya ce, "A kawo musu tabarma!" Ina ji, kunnuwana kamar su faɗi. Surukina ya sake waiwayowa, wannan karon fuska a murtuke, ya ce, "Wuce mana!" Ni kuwa, tun da an yi mini magana ai dole in amsa, sai na ji bakina ya ce, "Ina wuni, Baba."

Wannan ita ce ta tunzura shi. Ya gyara zama, ya yi wata irin kuwwa da ban taɓa jin irinta ba, ya kaɗa bulala a iska. Jan dokin nan ya tuna ƙuruciya, ya miƙe da sukuwa kamar an sake haihuwarsa. Wallahi abin ya yi kyau. Ya tarar da dokin nan mai tsoron ruwa ya karkace cikin garkar wani, ya wuce shi, ya wuce wani da tayarsa ta fita, ya ci gaba yana cin sauran da suka gaji ɗaya bayan ɗaya, har ya riga kowa isa wurin koma. Mata suka rangaɗa guɗa. Na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi, ya ci. Na lallaɓa da akawal da 'yar sassarfarmu, muka iso na ƙarshe, tafin hannuna duk ya saɓule.

Ina isowa na ga abokina tsaye a kan motonsa, jan ƙyalle a sama, ya nufi surukina da shi.

Na ƙifta masa ido. Na girgiza kai. Na yi tari. Na taka masa ƙafa. Mutumin nan ya dube ni, ya buɗe murya yadda kowa zai ji ya ce, "Kai da bakinka ka ce ko ubana ne in ɗaga mishi. Na rantse, kuma ba ni yin kaffara saboda kai. Kowa ya yi sukuwa. Doki ɗaya ne bai yi ba tun daga tsamiya har nan." Ya kama hannuna ya ɗaga sama.

Aka jawo rago aka damƙa mini igiya. Ban taɓa ganin mummunar dabba irin ragon nan ba, alhali fari ne tas mai ƙaho. Surukina ya koma wurin amalankensa. Ya shafa wuyan dokinsa, ya juya amalanke, ya kama hanyar Gabi. Kawuna ya zo ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "An ce ka bi baya, ka bi baya, kuma ka ci. Ni ban taɓa ganin mai ƙashin tsiya irinka ba."

Washegari muka ɗora ragon a amalanke, ni da kawuna, muka nufi Gabi. Na tsuguna a bakin zaure, kawuna ya shiga ya zauna. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yaro ya kawo rago, don kowa ya ga wanda ya riga isa. Daga bayan katanga ina jin wata na ƙoƙarin danne dariya tana kasawa, kuma na san muryar.

Surukina bai dube ni ba. Da kawuna yake magana, kamar ba na wurin.

"Malam, ka ce ma yaron ga ya ɗauke ragonshi. Doka ce sunka kafa, na ji ta da kunnena, na karya. Ba a ba ni sadakar tsere."

Na ce a raina shi ke nan, gemun yaro a Gabi.

Surukina ya murza carbi. Can ya ce, "Ka ce mishi ya nuna hannunshi." Na miƙa tafuna, kaina a ƙasa. Duk sun yi ja, fata ta ɗaye inda linzami ya ci. Ya dube su ya jima.

"Na san doki, Malam. Wancan baƙin, da an sake shi, ko ƙurarshi ba ni gani. Tun daga tsamiya nike jin numfashinshi ga wuyana. Yaron ga ya riƙe abin da ke son tahiya har hannunshi ya yi jini, don kunyata." Ya ajiye carbin. "Ni ma wata da watanni ina riƙe da abin da ke son tahiya. Na san ɗiyata ta ɗaure kayanta tun tuni, tana ɓoye su ƙarƙashin gado. Amma tun da uwarta ta rasu gidan ga bai yi ƙara ba sai da jaririn nan ya zo. In sunka tahi, ni da doki za a bari." Ya ɗan yi tari. "Hannuna ya gaji. Ku tahi, gobe ni ka kawo su da kaina."

Dariyar bayan katanga ta ɗauke. Duk watannin nan ina ganin tsohon nan a matsayin katangar da ta tare ni, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina shi da wa yake cin tuwo ba.

Ya cika alkawari. Da hantsi sai ga jan doki a ƙofar gidanmu, matata a zaune a kan tabarma cikin amalanke, kayanta a ɗaure, gwaggonta a gefe. Yaron yana hannun kakansa, linzami a ɗaya hannun. Bai yarda ya shiga ba, ruwa kawai ya sha a tsaye. Ya miƙa yaron ga uwarsa, yaron ya riƙe masa gemu ya ƙi saki, sai da aka ɓamɓare 'yan yatsunsa. Tsohon ya hau, ya juya doki, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallon amalanken nan ba kowa a kansa sai shi, har ya sha kwana. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ya samu, amma daɗin bai zo shi kaɗai ba.

Ragon dai a Gabi ya ƙare. Matata ce ta yi dabara, ta ce ba na tsere ba ne, na jika ne ya ba kakansa kiwo, kuma ba a mayar da kyautar jika. Daga nan kuma duk ranar da ba ni da dako sai in ɗaura akawal in kai su su yini. Tseren kuwa ba a sake yi ba. 'Yan fadarmu sun ce ba za su ƙara shiga wasan da na ƙarshe ke tafiya da rago ba.

Yanzu na sayar da amalanke, moto mai taya uku ya karɓe mana aikin, akawal da jan dokin duk sun daɗe da mutuwa. In na tuna ranar nan dariya nake fara yi, amma ba da ita nake ƙarewa ba. Na koyi cewa wanda ya tare maka hanya ba lallai mugunta ce ta tsayar da shi ba, wani tsoron abin da zai tarar a gida ne in ka wuce.

Surukina ya rayu har yaron ya shiga lakkwal, makarantar boko. Ko sau ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, 'ya'yansa maza da ke zaune nesa suka zo suka ce za su samo mota a kai shi likita Madarumfa. Ya ce ba ya son mota, tana jijjiga shi. Ya ce a kira mijin auta ya zo da amalanke, shi ne ba zai yi gudu da shi ba.